Ƙididdiga Mai Masauya da Yawa a Horon Digirin Digirgir: Darasi daga Harsunan Agadas

1. Gabatarwa

Wanda ya saba duba kundayen digiri na biyu da na digirgir a fagen walwalar harshe zai lura da tsari guda da ke yawan maimaituwa a babin sakamako. Za a kawo jadawali, a jera kaso cikin ɗari, sannan a biyo da sakin layi mai maimaita abin da jadawalin ya riga ya faɗa: maza kaza, mata kaza, matasa kaza, dattawa kaza. Kowane jadawali yana duban abu ɗaya shi kaɗai, alhali mutumin da aka yi hira da shi ya zo da shekarunsa da jinsinsa da sana'arsa da harshen gidansu duk a lokaci guda, kuma dukkansu suna da hannu a yadda yake magana.

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin ƙididdiga da ke auna abubuwa da yawa a tare, da dalilin da ya sa ya kamata su shiga cikin horon ɗalibin digirin digirgir a kimiyyar harshe da sauran fannonin nazarin al'umma. An ɗauki misalai daga Agadas, domin gari ne da harsuna suka daɗe suna cuɗanya a cikinsa, kuma kuskuren lissafi a irin wannan wuri yana iya zama hukunci a kan wata al'umma.

2. Ma'anar wasu kalmomi

A nan, kalmar "masauyi" (jam'i: masauya) tana nufin duk wani abu da ake aunawa wanda yake bambanta daga mutum zuwa mutum, ko daga jimla zuwa jimla. Shekaru masauyi ne, haka unguwa, haka zaɓin da mai magana ya yi tsakanin "suka" da "sunka". Masauyin da ake son a bayyana shi ne "sakamako", waɗanda ake zaton suna tasiri a kansa kuwa su ne "dalilai". Ƙididdiga mai masauya da yawa ita ce wadda ke ɗaukar masauya uku ko fiye a cikin lissafi guda. Hanyoyinta sun rabu gida biyu. Gida na farko yana da sakamako da dalilai, yana tambayar gwargwadon tasirin kowane dalili idan aka cire na sauran. Gida na biyu ba ya ware sakamako, yana neman tsarin da ke ɓoye cikin tarin bayanai: waɗanne amsoshi ne ke tafiya tare, waɗanne garuruwa ne suka yi kama da juna.

3. Agadas a matsayin fagen nazari

Agadas ta zama mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15, kuma zangon ayari tsakanin ƙasar Hausa da arewacin Afirka. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka garin a 1850, ya tarar da mutanensa suna magana da wani harshe na dangin Sanwai, har ya tattara kalmominsa. Wannan harshe ya ɓace daga Agadas, Hausa ta maye gurbinsa, amma ƴan uwansa suna raye: Tasawak a Ingal, da Tagdal a bakin Igdalan. A yau ana jin Hausa da Tamajak da Tubanci da Larabci da Fulatanci da Zabarmanci da Faransanci a kasuwa guda. Tsohon garin mai unguwanni goma sha ɗaya ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, yayin da sababbin unguwanni ke ta faɗaɗa da baƙi, musamman bayan gano zinariya a Jado a 2014.

Ta fuskar doka ma al'amura sun motsa. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma, har da Tasawak. A watan Maris na 2025 kuma Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya haifar da tambayoyin da sai bincike zai amsa su. Wace Hausa yaro ɗan Agadas yake ji a gida? Shin Tasawak tana raguwa a bakin matasan Ingal, kuma idan haka ne, makaranta ce sanadi, ko aure, ko ƙaura zuwa Agadas da Arlit? Babu ɗaya cikin waɗannan tambayoyi da ke da dalili guda tak.

4. Dalilin da ya sa jadawali ɗaya ba ya isa

A Hausar yamma, irin ta Sakkwato da Adar, akan ce "sunka tahi" a shuɗaɗɗen lokaci na biyu, inda Hausar Kano ke cewa "suka tafi". A gari irin Agadas, inda mutane daga sassa daban-daban ke haɗuwa, ana jin siffofin biyu. Alƙaluman da ke biye na koyarwa ne, an ƙirƙire su don misali kawai.

A ƙaddara ɗalibi ya yi hira da mutum 200: 100 masu Hausa a matsayin harshen farko, 100 masu Tamajak. Ya tarar 48 daga rukunin farko sun fi amfani da "suka", a rukuni na biyu kuwa 32 ne. Sai ya rubuta cewa harshen farko yana tasiri a kan zaɓin siffar, domin ga tazarar maki 16.

Yanzu a ƙara masauyi na uku, wato yawan cuɗanya da Hausar Kano ta hanyar fatauci ko karatu ko kallon finafinai. A ce a rukunin farko mutum 70 suna da wannan cuɗanya, 30 ba su da ita. A rukuni na biyu kuma 30 suna da ita, 70 ba su da ita. A ce kuma a rukunan biyu, kashi 60 cikin ɗari na masu cuɗanya suna cewa "suka", marasa cuɗanya kuwa kashi 20 ne. A rukunin farko, 42 daga cikin 70 da 6 daga cikin 30 sun ba da 48. A rukuni na biyu, 18 daga cikin 30 da 14 daga cikin 70 sun ba da 32. Ke nan alƙaluman ɗalibin daidai suke, amma fassararsa ta kauce. Bahaushe da Ba'abzine masu cuɗanya iri ɗaya suna magana iri ɗaya. Tazarar ta fito ne daga yadda cuɗanyar ta rabu tsakanin rukunan, harshen farko bai taka wata rawa ba.

Irin wannan ruɗani ya faru a zahiri. A 1973, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta karɓi kimanin kashi 44 cikin ɗari na mazan da suka nemi karatun gaba da digirin farko, da kashi 35 na mata. Da Bickel da Hammel da O'Connell suka bi sashe-sashe a nazarin da suka wallafa a 1975, sai ya bayyana cewa mata sun fi neman sassan da ke karɓar mutane kaɗan, kuma a yawancin sassan ba a fifita maza ba. Masana ƙididdiga suna danganta wannan matsala da sunan Edward Simpson, wanda ya yi bayaninta a 1951.

Ana iya warware misalinmu da hannu saboda masauyan uku ne. Idan aka ƙara shekaru da jinsi da unguwa da matakin karatu, rukunan za su ninka har wasu su rage mutum biyu ko ɗaya, kaso cikin ɗari kuma ya rasa ma'ana. A nan ne buƙatar wata hanya take tasowa.

5. Hanyoyi huɗu da ya kamata ɗalibi ya sani

*5.1 Rigireshan lojistik*

Yawancin tambayoyin walwalar harshe sakamakonsu zaɓi ne tsakanin abu biyu: "suka" ko "sunka", /f/ ko /h/, kalmar Hausa ko ta aro. Rigireshan lojistik hanya ce ta auna yadda kowane dalili ke karkata zaɓin yayin da aka tsayar da sauran dalilan. Tana aiki da rinjaye, wato sau nawa abu ya faru idan aka kwatanta da sau nawa bai faru ba. A misalinmu, rinjayen masu cuɗanya 60 ne a kan 40, wato 1.5, na marasa cuɗanya 20 ne a kan 80, wato 0.25. Idan aka raba 1.5 da 0.25 za a sami 6, ma'ana cuɗanya da Hausar Kano tana ninka rinjayen "suka" sau shida. Ga harshen farko kuwa lissafin zai ba da 1, alamar babu tasiri.

Wannan hanya ta daɗe a fagenmu. William Labov ya buɗe ƙofar auna bambancin magana da nazarinsa na tsibirin Martha's Vineyard a 1963 da na birnin Niyok a 1966. A 1974 Henrietta Cedergren da David Sankoff suka fitar da tsarin lissafin da ya zama manhajar Varbrul, daga baya Goldvarb, wadda asalinta rigireshan lojistik ce. Wanda ya fahimci misalin da ke sama ya kama tushen abin da waɗannan manhajoji ke yi.

*5.2 Tsarin gauraye*

Akwai wata matsala da ta keɓanta da bayanan magana. A ce an naɗi muryar mutum 40, aka tsamo jimloli 2,000. Lissafi na yau da kullum zai ɗauki jimlolin a matsayin shaidu 2,000 masu zaman kansu, alhali bakuna 40 ne suka furta su. Idan wani dattijo mai yawan zance shi kaɗai ya ba da jimla 300, to ɗabi'arsa za ta fito a matsayin ɗabi'ar dattawa gaba ɗaya. Haka nan wasu kalmomi suna da halinsu: mai magana yana iya cewa "tahi" kullum, amma ya riƙe /f/ a wasu kalmomin. Herbert Clark ya ja hankali ga ɓangaren kalmomi na wannan matsala tun 1973.

Tsarin gauraye yana ba kowane mai magana da kowace kalma nasu ma'aunin, sannan ya tambaya ko shekaru ko unguwa suna da sauran tasiri bayan an cire bambancin ɗaiɗaikun mutane. Maƙalar Baayen da Davidson da Bates ta 2008 ta yaɗa wannan hanya tsakanin masana harshe, kuma a 2009 Daniel Ezra Johnson ya gabatar da Rbrul, ya nuna cewa tsohuwar hanyar takan ɗauki abin da bai kai ba a matsayin tasiri tabbatacce. Darasin da ke nan ya shafi tsara aiki tun daga farko: idan tambayar a kan rukunan mutane ce, ƙara yawan masu magana ya fi ƙara tsawon hira da mutum ɗaya amfani.

*5.3 Taƙaita amsoshi masu yawa*

Takardar tambayoyi a kan amfani da harshe takan ƙunshi tambaya talatin ko arba'in: wane harshe kake yi da mahaifiyarka, da abokanka, a kasuwa, a masallaci, a waya, a asibiti? Jadawali arba'in ba za su nuna hoton gaba ɗaya ba. Nazarin manyan ginshiƙai, wanda Karl Pearson ya aza harsashinsa a 1901 kuma Harold Hotelling ya faɗaɗa a 1933, yana matse masauya masu yawa zuwa ƴan ginshiƙai kaɗan da suka ɗauke mafi yawan bambancin. Ɗan uwansa shi ne nazarin ɓoyayyun dalilai, wanda ya samo asali daga aikin Charles Spearman na 1904. Da shi ne Douglas Biber ya nazarci siffofin nahawu 67 a cikin matani 481 na Ingilishi a 1988, ya fito da ma'aunan da ke bambanta nau'o'in magana da rubutu.

Idan amsoshin sunaye ne, kamar Hausa ko Tamajak ko Faransanci, hanyar da ta dace ita ce nazarin daidaito, wanda Jean-Paul Benzécri ya gina a Faransa a shekarun 1960, kuma bayanan harshe na cikin abin da ya sa ya gina shi. Pierre Bourdieu ya yi amfani da shi a littafinsa La Distinction na 1979. Sakamakonsa taswira ce wadda amsoshin da ke yawan zuwa tare suke kusantar juna a kanta. Ga mai nazarin Ingal, irin wannan taswira za ta iya nuna ko Tasawak tana manne da gida da tsofaffi kawai, ko tana nan a kasuwa da dandalin matasa. Sai dai ginshiƙan ba su zuwa da suna. Mai bincike ne ke raɗa musu suna, kuma a nan ne son zuciya ke samun ƙofa, don haka wajibi ne ya nuna wa mai karatu amsoshin da suka gina kowane ginshiƙi.

*5.4 Auna tazarar karin harshe*

An yi ayyuka masu daraja a kan karin harshen Hausa, kamar littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar, da bayanan da Paul Newman ya tattara a babban nahawunsa na 2000. Hanyar gargajiya ita ce zana iyaka ga kowace siffa, amma iyakokin ba su cika haɗuwa wuri ɗaya ba. A 1973 Jean Séguy ya kawo shawarar ƙirga dukkan bambance-bambancen da ke tsakanin gari da gari, Hans Goebl a Salzburg da John Nerbonne a Groningen suka ci gaba da aikin. Wani ma'auni da ake yawan amfani da shi shi ne na Levenshtein, wanda ke ƙirga sauyi nawa ake buƙata a mayar da wata kalma wata. Daga "tafi" zuwa "tahi" sauyi ɗaya ne, musanya. Daga "suka" zuwa "sunka" ma ɗaya ne, ƙari.

Idan aka tattara kalmomi 100 a garuruwa 30, daga Filinge da Dogon Dutsi zuwa Tawa da Maraɗi da Damagaram da Agadas, za a sami tagwayen garuruwa 435 da za a auna tazararsu. Nazarin rukuni zai tara garuruwan da suka fi kusa, ya nuna wurin da Hausar Agadas ta faɗa. A kiyaye cewa wannan hanya tana fitar da rukunai ko da babu su a zahiri, musamman inda karin harshe ke sauyawa sannu a hankali daga gari zuwa gari. Saboda haka akan gwada ta da hanya fiye da ɗaya, a ga ko rukunan sun tsaya.

6. Tarkunan da lissafi ba ya kwancewa

Tarko na farko shi ne samfuri. Jihar Agadas ta ɗauke fiye da rabin faɗin Nijar, alhali a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba cikin fiye da miliyan 17. Wani ɓangare nasu makiyaya ne, wasu matafiya. Wanda ya yi hira a Ingal a watan Satumba, lokacin da makiyaya ke taruwa don bikin shan gishiri, zai sami al'umma daban da wadda zai samu a watan Afrilu. Wanda ya bi gida-gida da hantsi zai fi tarar da mata da tsofaffi. Babu manhajar da za ta maido da muryar wanda ba a tambaya ba, don haka dole kundi ya faɗi lokaci da wuri da hanyar da aka zaɓi mutane.

Na biyu shi ne yadda ake rarraba amsa. Tambayar "mene ne harshenka na uwa?" tana ɗauka cewa amsar ɗaya ce. Yaron da mahaifiyarsa ke yi masa Tamajak, mahaifinsa Hausa, kakarsa kuma Tasawak, wane gurbi za a cika masa? Idan aka tilasta masa zaɓen ɗaya, an shigar da kuskure cikin bayanan tun kafin lissafi ya fara. Haka kuma ƙabila da harshe masauya biyu ne daban, domin akwai mai kiran kansa Ba'abzine alhali Hausa ce harshensa na yau da kullum. Gara a yi tambayoyi da dama: da wa, a ina, tun yaushe.

Na uku shi ne farautar sakamako. An saba ɗaukar sakamako a matsayin tabbatacce idan ƙimar p ta gaza 0.05. Amma wanda ya yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan bayanan da babu wani tasiri a cikinsu yana da damar kusan kashi 64 cikin ɗari ta samun aƙalla guda da zai tsallake wannan shinge. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gudanar da nazarce-nazarce 100 na ilimin halayyar ɗan Adam. 97 daga cikinsu sun ba da sakamako tabbatacce a karon farko, amma kimanin kashi 36 cikin ɗari ne suka maimaita hakan. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancinsa. Maganin shi ne a rubuta hasashe kafin a duba bayanai, a kuma bayar da girman tasiri tare da iyakokin da yake iya kaiwa.

Na huɗu shi ne cika tsari da dalilai. Wata ƙa'idar aiki da Peduzzi da abokan aikinsa suka bayar a 1996 ta nuna cewa a rigireshan lojistik ana son aƙalla misali goma na sakamakon da ya fi ƙaranci ga kowane ma'aunin da za a ƙiyasta. Wanda ya sami "sunka" sau 30 kacal bai kamata ya zuba dalilai takwas ba.

Na biyar shi ne sirri. A ƙaramar unguwa, haɗa shekaru da sana'a da harshen gida ya isa a gane mutum ko da an goge sunansa. Yawan masauyan da ke ƙarfafa lissafi shi ne kuma ke iya tona asiri, don haka sai a haɗe rukunai kafin a raba bayanai da wasu.

7. Horon da ya dace

Tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da su bi a 2007, ya ware shekara uku ga digirin digirgir, kuma ya tanadi kwasa-kwasan horo ban da rubuta kundi. Shekara uku ba ta da yawa. Ɗalibin da ya jira sai ya dawo daga fage kafin ya nemi mai lissafi ya makara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa a lokacin ne zai gane cewa bai tambayi masauyin da ya fi muhimmanci ba, kuma komawa Bilma ko Iferwan ba abu ne mai sauƙi ba.

Ana iya tsara horon mataki-mataki. A zangon farko, ɗalibi ya koyi shirya bayanai a jadawali mai tsabta, layi ɗaya ga kowace jimla ko kowane mutum, ya koyi zana su da duban su kafin kowane gwaji, tare da tushen yiwuwa da hanyoyin zaɓen samfuri. A zango na biyu ya shiga rigireshan da tsarin gauraye, yana gwaji da bayanan gaske. Kafin fita fage, ya gabatar wa kwamitinsa da takarda mai ɗauke da hasashensa da masauyansa da yawan mutanen da yake buƙata da hanyar da zai bi, sannan ya yi ɗan gwajin share fage da mutum goma ko goma sha biyar. A shekara ta biyu ya ɗauki hanyar da tambayarsa ta fi buƙata, nazarin daidaito ko auna tazarar kari. A shekara ta uku ya koyi rubuta sakamako da harshen da malamin makaranta ko jami'in ma'aikatar ilimi zai fahimta.

Kayan aikin ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba. A cikinta akwai lme4 don tsarin gauraye da FactoMineR don nazarin daidaito, ita kuma ta biyun tana da bayanai da darussa da Faransanci. KoboToolbox yana ba da damar cika takardar tambayoyi a waya inda babu sabis. Bayanan gwaji ma suna nan: binciken Afrobarometer, wanda ya haɗa da Nijar kuma yake tambayar harshen gida, ana sauke shi kyauta, akwai kuma binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar. Irin waɗannan bayanai suna zuwa da nauyin da aka ɗora wa kowane mutum gwargwadon yadda aka zaɓo shi, kuma koyon aiki da nauyin darasi ne mai zaman kansa.

Malamai ma ba su yi nisa ba. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da masana harshe da na lissafi, Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 ta fi karkata ga kimiyya da fasaha, kuma yankinmu yana da makarantun ƙididdiga irin su ENSEA a Abijan da IFORD a Yawunde, waɗanda suka horar da ma'aikata daga ƙasashe da dama. Abin da ake buƙata shi ne haɗa waɗannan hannuwa: mai ƙididdiga ya zauna a kwamitin kundi tun ranar da aka amince da take, masanin harshe kuma ya bayyana masa dalilin da ya sa jimloli 2,000 ba shaidu 2,000 ba ne. Duk da haka alhakin fahimta yana kan ɗalibi, domin shi zai tsaya gaban masu jarrabawa, kuma sunansa ne a bangon kundin.

Wannan horo ba ya rage darajar hira mai zurfi da zama cikin jama'a. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta shahara da irin wannan bincike, kuma Jean-Pierre Olivier de Sardan ya nuna a littafinsa La rigueur du qualitatif na 2008 cewa yana da nasa ƙa'idojin masu tsauri. A misalinmu na sashe na huɗu, kwamfuta ba za ta san da cuɗanya da Hausar Kano ba sai idan mai binciken ya tambaya, kuma ba zai tambaya ba sai ya zauna a tasha da kasuwa ya ji yadda mutane ke rayuwa. Zama cikin jama'a ne ke samar da masauyan, lissafi kuma ya auna nauyinsu.

8. Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jadawali mai duban masauyi ɗaya yana iya jingina wa harshe ko ƙabila abin da fatauci ko ƙaura suka haifar. Ta gabatar da hanyoyi huɗu, wato rigireshan lojistik da tsarin gauraye da taƙaita amsoshi da auna tazarar kari, tare da tarkunan samfuri da rarraba amsa da farautar sakamako da cika tsari da tona sirri. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kunnen ɗan gari yakan ji cewa maganar matasa ta sauya, amma idan za a gina manhajar makaranta ko a yanke shawara a kan makomar Tasawak da Tagdal bisa wannan ji, to sai an kawo mudu. Ga ɗaliban digiri na biyu masu niyyar ci gaba, shawarar ita ce su fara tun yanzu: su sauke R, su shigar da alƙaluman sashe na huɗu a matsayin layuka 200, su gudanar da rigireshan da harshen farko shi kaɗai, sannan su ƙara cuɗanya, su ga yadda tasirin farko ke ɓacewa.